Ƙishirwar Ya Falmata

"Ajiye kofin nan, Hajiya Dije."

Malama Mero ba ta ko gama sallama ba ta faɗi haka, takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗaya a bakin ƙofa. Hajiya Dije na durƙushe a gefen katifa, ta tallafo kan ƙanwarta Falmata da hannun hagu, kofin silba a hannun dama, har ya kusa taɓa leɓe. Mata biyar 'yan dubiya da ke zaune a kan ledar ɗakin suka juyo gaba ɗaya.

"Zamzam ne fa, Malama," in ji Hajiya Dije.

"Na sani. Shi ma ruwa ne, bai san ciki ba, bai san huhu ba. Inda ya ga hanya nan yake bi."

Wata daga cikin matan ta ce a'uzubillahi ƙasa-ƙasa. Falmata kuwa idonta na kan kofin, tana binsa da kallo har aka ajiye shi a kan kabet.

Shekara arba'in da biyu ke nan katanga ɗaya ce tsakanin Mero da Falmata a wannan lungu na Gwammaja. Mero ta koyar da ilmin halittu a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Falmata, wadda duk unguwa ke kira Ya Falmata saboda kakanninta mutanen Borno ne, turaren wuta take haɗawa, har mutum kan gane ya iso lungun tun bai ga ƙofar gidanta ba. A farkon bazara hanjinta ya huje, aka yi mata aiki, ta kwana tara a ɗakin kulawa ta musamman da roba zure a maƙogwaro, inji na yi mata numfashi. Babu wanda ya sa rai. Da ta farfaɗo aka sallamo ta, sai da aka yanka rago.

Ranar sallamar Mero ce ta raka Mikail, babban ɗan Falmata, don shi ɗan kasuwa ne a Kwari, bayanin likitoci na hau masa kai. Wata likita matashiya, Dakta Nafisa, ta zaunar da su a wani ɗan ofis mai fanka ɗaya. Ta ce suna wani bincike, suna bin mutanen da suka fito daga wancan ɗakin har gidajensu, don sun lura wasu sukan tsallake asibiti lafiya, su je gida su rasu cikin 'yan makonni.

"Robar nan in ta daɗe, maƙogwaro yakan manta aikinsa," ta ce. "Mun gwada Mama, ruwa yana zarce mata hanyar numfashi. Abin tsoron shi ne ba ta ji. Ba za ta ƙware ba, ba za ta yi tari ba. Sai dai ya taru a huhu ya zama ciwo."

"To ba za ta sha ruwa ba ke nan?" Mikail ya tambaya.

"Na ɗan lokaci, sai abu mai kauri. Kunu, koko, fura a dama ta da kauri. A zaune, cokali-cokali. Ku dawo da ita bayan mako uku mu sake gwadawa."

Ta rubuta musu a takarda. Mero ta mayar da ita Hausa da manyan baƙaƙe, ta liƙa a bangon ɗakin Falmata, daidai saman katifa. Sai dai takarda ba ta da baki, 'yan dubiya kuwa kowa da nasa. Kuma a garin nan ba a zuwa dubiya hannu biyu: wannan ta zo da zamzam ɗin da ta ɓoye tun Umararta, waccan ta zo da rubutun da malaminsu ya wanke a gora, kowacce kuma so take ta ba mara lafiya da hannunta, ta ga ya wuce, ta sami ladan.

"Jiya na ba ta, Malama," Hajiya Dije ta ce, tana goge hannu da gefen laffayarta. "Ko tari ba ta yi ba. Tambayi Mikail."

"Rashin tarin shi ne ciwon."

"Ikon Allah. In ta yi tari ciwo, in ba ta yi ba ciwo. To wanne ne lafiyar?"

Matan suka yi 'yar dariya. Mero ta nufi kabet. Ta ɗauki kofin zamzam ɗin ta fita tsakar gida, ta juye shi cikin kunun gyaɗar da ke kan murhu, ta ƙara gari ta dama har ludayi ya tsaya. Ta dawo ta sa aka tayar da Falmata zaune, aka tokare ta da filo biyu.

"Ga zamzam ɗinku nan a ciki, ko ɗigo bai zube ba. Rubutun ma ku kawo, haka za a yi da shi. Ayar ba za ta goge don ta shiga kunu ba."

Falmata ta karɓi cokali uku, ta kawar da kai.

Da aka kira sallar la'asar ɗakin ya watse, Hajiya Dije ta fita alwala, suka rage su biyu. Wuta ba ta zo ba tun safe, kwanon rufin yana ta huci. Falmata ta kamo gefen zanin Mero. Hannun da ke ɗaga turmin sandal shi kaɗai ya koma kamar kara.

"Mero."

"Ina jin ki."

"Randar nan ta gindin dalbejiya. Moɗa ɗaya. Rabi ma."

"Ga kunu."

"Kunu ba ya kashe ƙishirwa, ke ma kin sani." Muryarta a dishe take tun da aka cire robar. "Kwana tara a wurin can ina mafarkin ruwa. Ina gani ana wucewa da shi, hannuna a ɗaure, ba bakin magana. Na ce in Allah ya mayar da ni gida, randata zan fara zuwa. Yanzu ga ni ga ta, ke kuma kin tsaya a tsakani."

"Saura kwana goma sha shida a sake gwada ki."

"Ke kika ƙirga. Ni ban san ko ina da su ba."

Mero ta tsoma auduga a ruwa, ta matse ta sosai, ta shafa mata a leɓe. Falmata ta kama audugar da haƙori tana tsotsa, sai da Mero ta fizge.

"Ke da na yi wa wankan jego," in ji Falmata. Ta juya fuskarta bango.

Washegari da hantsi Mikail ya yi sallama a soron Mero. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar kullum, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi jikokinta na Kabuga, sannan ya yi ta juya makullin mota a hannu.

"Malama, dangin Umma na Shahuci sun yi magana. Sun ce ana hana mara lafiya ruwa a cikin zafin nan. Har an fara cewa ni ne na sa."

"Kai ma ka ji likitar da kunnenka."

"Na ji. To amma su likitocin nan, ba su ne suka ce mu haƙura ba, ba za ta tashi ba? Ga ta ta tashi. Inna Dije ta ce addu'a ce da rubutun da aka yi ta shafa mata, ni kuma ba zan iya ce mata a'a ba. Ita ta goyi Umma."

"Ni ban ce a daina rubutu ba, Mikail. Na ce a sa shi a kunu."

"Jiya kuka Umma ta yi ta yi." Ya sunkuyar da kai. "Ki ɗan huta kwana biyu, Malama. Kin yi mana ƙoƙari."

Mero ta daɗe a duniya, ta san kora ko da an naɗe ta a gaisuwa. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta koma ciki.

Kwana uku ba ta shiga ba. Katangar ba ta da tsawo, tana jin komai: sallamar 'yan dubiya, ƙarar murfin randa, moɗa na bugun gefenta. Tari ne dai ba ta ji ba, ko sau ɗaya. A rana ta uku, wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta ce mata ai jiki ya yi kyau, Ya Falmata har hira take, an ma cire takardar bangon nan don tana tayar wa mutane hankali.

Ran Alhamis da safe Mero ta yafa mayafi ta shiga, ko an so ko ba a so ba. Falmata na kwance, goshinta na naso.

"Mero, kin yi fushi ke nan?"

Kalma shida ɗin nan suka ishe ta. Muryar ba a dishe take ba yanzu, a jiƙe take, kamar mai magana ta cikin buta. Mero ta taɓa wuyanta, zafi rau. Ta zuba wa ƙirjinta ido tana bin numfashin da agogon hannunta, ya ninka abin da ya kamata.

"Kira Mikail," ta ce wa Hajiya Dije. "Yanzu."

"Zazzaɓin sauro ne, an ba ta magani."

"Hajiya, ki kira shi. In na yi kuskure, ki tara matan Shahuci duka ku yi mini dariya."

Kafin azahar suna asibiti. Ɗakin da ya cece ta a karon farko ba gado, duk a cike. Aka kwantar da ita a ɓangaren gaggawa, aka sa mata robar iska a hanci, aka ɗaura ruwa, aka ce a jira. Ta kwana biyu tana jira. Ran Asabar, ana tsakiyar rana, Mikail ya fita sayo allura, ya dawo ya tarar an ja labule.

Mero ta ga Dakta Nafisa a baranda, riƙe da fayil, idonta ja. Ta tare ta.

"Likita, ki gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce. Ruwan ne?"

"Huhunta na dama ya cika, Mama. Abin da muka ji tsoro ne."

"Ba shi na tambaya ba. Da ba a ba ta ba, da tana nan?"

Likitar ta girgiza kai.

"Ba zan iya rantse miki ba. Mai irin wannan, ko yawun bakinsa yakan zarce. Kuma shi kaurin da muke sa mutane su yi, akwai masu binciken da ke cewa ba a tabbatar yana hana mutuwa ba, wani ma sai ya ƙi sha, jikinsa ya bushe. Shi ya sa muke bin su gida, mu gani. Abin da muka fi zato muka gaya muku."

"Zato."

"Shi muke da shi yanzu, Mama."

Mero ta gyaɗa kai. Shekara talatin tana gaya wa 'yan mata a aji cewa kada su karɓi magana don babba ne ya faɗe ta, su tambayi yadda aka yi aka sani. Ita kuwa ta karɓi takarda daga hannun yarinya sa'ar 'yar cikinta, ta liƙa a bango, ta tsaya a kanta kamar aya. Har yanzu tana ganin da za a sake, haka za ta yi. Wannan bai rage mata komai ba.

Aka yi jana'iza bayan la'asar. Washegari gidan ya cika da mata, tabarmi har soro, ana ta shigowa ana fita. Mero ta sami gefe ta zauna. Wasu suka gaishe ta sama-sama, wasu suka yi kamar ba su gan ta ba. Hajiya Dije ce ta taso daga cikin danginta, ta zo ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta. Babu faɗa a fuskarta, kuka ne kawai ya kumbura ta.

"Malama, kada ki sa komai a ranki. Kwana ne ya ƙare." Ta share ido. "Abin da nake gode wa Allah, ba ta tafi da ƙishi ba. Ran Talata na ɗebo mata na randa, mai sanyi, ta shanye moɗa guda tas, ta ce a ƙaro. Da ta gama ta yi ajiyar zuciya, ta kwanta. Rabon da in ga fuskarta haka tun kafin ciwon. Ta ce, 'Yaya, kada ki gaya wa Mero, faɗa za ta yi.' Tana faɗa tana dariya."



"Allah ya jiƙanta," in ji Mero.

"Amin."

Wata mata ta zagayo da faranti, tana raba wa masu zaman makoki ruwan leda da aka ciro daga ƙanƙara. Ta miƙa wa Hajiya Dije, ta miƙa wa Mero. Ko'ina a tsakar gidan ana huda leda da haƙori, ana tsotsa, ana ci gaba da gaisawa. Mero ta ɗora tata a cinya, ta dafa ta da hannu biyu. Rana ta matso har gefen tabarmar, ledar na ta raɓa, danshin yana faɗaɗa a hankali a kan zaninta.