Zangarniya Uku a Bayan Suri

Tun daga bakin titin Dayi Mudi ya jiyo kukan injin sussuka. Ya jingine babur ko makulli bai zare ba, ya keta gonakin mutane da gudu, shi da ya ba hamsin baya. Ko da ya iso gonar maƙwabcinsa Malam Jibo, an riga an gama ta'asa. An kwantar da dawar kaf, an tara zangarniyar tuli guda, leburori suna ta ɗura wa injin.

"Ku kashe! Na ce ku kashe injin nan!"

Wani matashi mai hular rana ya taho riƙe da takarda. Zainulabidin ke nan, sabon jami'in ƙungiyar binciken noma.

"Sannu Baba. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Wa ya ce ku girbe? Mai gonar sati uku yana kwance!"

"Ai shi ya sa muka ce mu ɗauke masa wahala. Yau ce ranar awo a jadawalinmu, gobe muna Tsiga."

"Masu ƙyallen fa? Kun ware su?"

"Wane ƙyalle, Baba?"

Mudi ya duƙa ya tona ƙaiƙayi, ya zaro wani shuɗin tsumma da injin ya tauna. Ya ɗaga shi ya nuna wa matashin.

Duk Dayi babu wanda bai san ƙyallen Malam Jibo ba. Gonarsa ce matattarar wuta-wuta, ciyawar nan mai kyan fure da ke tsotse dawa tun daga saiwa. Shekara talatin, in kaka ta gabato, sai ya yage tsohuwar rigarsa ya bi gona kara-kara. Duk dawar da ta tsaya ƙyam a tsakiyar wuta-wuta ta cika ido, sai ya ɗaura mata ƙyalle. Ita yake fara yanka da hannunsa, ya rataye a madafa hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari, ita ce irin baɗi. Da farko dariya ake masa, ana cewa Jibo yana yi wa dawa ɗinkin sallah. Daga baya masu dariyar ne suka koma roƙon ko tafin hannu.

Shekara uku da suka wuce ƙungiyar ta zo. Aka yi taro a gindin ɗorawa, aka ce haɗin gwiwa ne, manoma su ne malamai, masu bincike ɗalibai. Kuma gaskiya jami'ar farko, Malama Zakiyya, ɗalibar ce ta ƙwarai. Ta bi tsohon cikin ƙaiƙayi da rana tana tambaya tana rubutawa. Bana ta roƙe shi a faɗaɗa gwajin, a shuka irinsa layi-layi da wasu iri biyu na ƙungiya. Ya juye nasa duka, bai rage ko tiya ba. Ana tsakiyar damina aka ɗauke ta aka mayar wata jiha, littafinta ya bi ta.

"Takardar da aka ba ni cewa ta yi gona ta goma sha huɗu, dawa, a auna," in ji Zainulabidin, murya ta fara sanyi.

"Gona ta goma sha huɗu! Mutumin ba shi da suna? Gidansa ga shi can ana hango katanga. Ƙafarka ciwo take da ba za ka je ka yi sallama ka tambaya ba? Kun kafa allo kun rubuta haɗin gwiwa. Da wa kuka haɗa gwiwar yau, da injin?"

"Ko za a iya tsincewa..."

"Bismillah, tsince. Duka irin ukun kaura ce, launi ɗaya."

Matashin ya dubi buhunan da aka riga aka ɗinke. Ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Mudi rai. Da mugu ne da ya san wanda zai shaƙe.

Ya daɗe a ƙofar gidan Malam Jibo yana shirya ƙaryar da zai yi. Inna Rabi, matar tsohon, ta leƙo ta ce, "Shigo mana Mudi, tun ɗazu yake cigiyarka."

Tsohon na kwance a kan tabarma, ya zama kamar karan da aka bari a gona. Da ƙyar ya ɗaure ƙyallayen bana, Mudi na riƙe da shi, kuma tun daga ranar bai sake fita ba.

"Ya jiki, Malam?"

"Da sauƙi. Kada ka wahalar da kanka, na ji injin. Iska daga gabas take."

Mudi ya sunkuyar da kai. "Wallahi sai na je har ofishinsu na Funtuwa, sai sun san..."

"Su san me? Yaron abin da aka rubuta masa ya yi." Ya numfasa. "Igiya suka ja wajen awon gonar?"

"Igiya suka ja."

"To igiyarsu miƙaƙƙiya ce, gonata kuwa karkatacciya. Ka tuna lungun bayan suri, inda na ce ka jira ni? Gobe ka duba."

Washegari ana idar da sallar asuba Mudi ya nufi gona. Ko'ina fayau, sai sawun tayar injin da tsummoki a ƙaiƙayi. Ya zagaya bayan surin. A wani ɗan lungu da igiya ba ta kai ba, cikin furen wuta-wuta, ga kara uku a tsaye, kowanne da shuɗin ƙyalle. Ya yanke su a hankali, ya rungumo, ya hau babur yana ta murna kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Yana karyo kwanar unguwa ya ga takalma jere a bakin zaure, ya ji salatin mata daga ciki. Ya tsaya a kan babur ɗin da dawa a ƙirji, har sai da wani ya zo ya kashe masa injin.

Ran sadakar uku ƙungiyar ta aiko mota. Suka yi ta'aziyya, suka miƙa takardar yabo cikin gilashi, an rubuta gona ta goma sha huɗu ta fi kowace gona amfani. Da za su tafi, Zainulabidin ya ja Mudi gefe, idonsa ja.

"Baba, na kira Malama Zakiyya, ta faɗa mini komai. An ce kun sami saura. Da za a ba mu ko zangarniya ɗaya mu adana..."

"A'a."

"Don kada ya ɓace ne, Baba."

"A hannun wa ya ɓace? In kana son irin Jibo, ka zo baɗi da kaka. Ka bar takardar a mota, ka taho da tsohuwar rigarka."

Da la'asar, bayan mutane sun ragu, ya yi sallama ya miƙa wa Inna Rabi dawar. Ta karɓa. Ta shafa ƙullin ƙyallen da yatsa, irin ƙullin nan biyu da mijinta ke yi. Sannan ta shiga madafa ta taka turmi, ta rataye zangarniyar uku a ƙusar da ta saba ɗaukar dami guda, ta sauko ta gyara itace, hayaƙi ya fara hawa.