Ɗinkin da Tela Yake Farkewa

Mijina tela ne, kuma tun da nake da shi bai taɓa ganin zare yana reto a rigar mutum ya ƙyale ba. Ko baƙo ne, ana cikin gaisawa za ka ga yatsunsa sun kai.

Da ciwo ya shanye masa ɓarin dama, aka kwantar da shi a ɗakin masu jinya mai tsanani. Ba ya magana, ba ya iya haɗiya. Aka zura masa siririyar roba ta hanci har ciki, aka manne ta da filasta, abincinsa na bi ta nan daga wata jaka. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a gindin tukunyarsa, aka ce ko ruwa kada in ba shi.

Yaranmu suna nesa. Sukan kira, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su kashe. Sai ni da kujerar roba da ƙarar na'ura. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, ga mutum a gabana yana kallona kamar bango.

Wata safiya na tarar ya fizge robar. Sai da aka mayar, aka ɗauki hoton ƙirjinsa don a tabbatar ta sauka inda ya dace. Wata nas ta ja ni gefe.

"Mama, idan ya janyo ta abinci yana tafiya, huhunsa zai shiga. In ya sake, dole mu ɗaure hannun."

"'Yar nan, shi kaɗai fa ya rage masa."

"Na sani, Mama. Amma ba zan iya tsayawa a kansa kullum ba."

Na riƙe hannun har la'asar. Da na saki in gyara masa filo, kan gadon a ɗage kamar yadda suka ce, sai yatsun suka nufi hanci. Babban yatsa da manuni, a tsanake. Na san wannan kamun. Ba ciwo robar take yi masa ba, abu ne yake reto.

Da na koma gida na buɗe shagonsa. Ƙura ta rufe keken ɗinkin. Na ɗauki ƙyalle, na yi masa ɗinkin hannu manya-manya, na bar bakin zaren a waje. Ni dai ban iya allura ba. Ya sha cewa ɗinkina kamar sawun kaza.

Da na kai asibiti, nas ɗin ta jujjuya ƙyallen, ta laluba ko na manta allura a ciki.

"Mu gwada. Amma idona na kansa."

Na sa masa a tafin hannu. Yatsun suka yi lalube, suka sami bakin zaren, suka fara ja. Kafin a kori masu ziyara ya farke layi guda, robar tana nan inda take.

Yanzu aikina ke nan. In ɗinka a gida, shi ya farke a asibiti. Ba a ɗaure shi ba.

Jiya maƙwabciyata ta tausaya mini, ta ɗinka mini ƙyallen, tsaf da shi. Da na kai masa, ya shafa shi sau ɗaya ya sake, hannu ya kama hanyar hanci. Na yi maza na zaro tsohon nawa daga jaka. Ya bi karkataccen layin da yatsa, ya yamutsa ɓarin fuskar da ke motsi, irin yadda ya saba yi mini, sannan ya kama aiki.

Har yau bai gane fuskata ba. Na ja kujera na matso kusa da shi.