Alhamis, Ƙarfe Biyu

Ina riƙe da ƙafafun Seu Genival, matarsa Creuza tana riƙe da kafaɗunsa, muna ƙoƙarin juya shi ɓarin dama, sai ga Sufeto Aderbal ya turo ƙofa da ledar gwanda a hannu. Ya tsaya tsakiyar ɗaki yana baza mana turare. Idonsa ba kan fuskar mara lafiyar yake ba, kan ƙirjinsa yake, yana kallon yadda yake hawa da sauka.

"Abokina, ai yau ka yi kyan gani," in ji shi.

"Da raina dai, Aderbal," Seu Genival ya ce, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. "Je ka gaya musu."

Ranar Talata ke nan. Sufeton ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya ajiye ledar kan kujera ya fita. Gwanda ta huɗu ke nan da ta shigo gidan cikin kwana biyu, ga mutumin da ko ruwan shinkafa ba ya iya haɗiyewa.

Ni ce Marlúcia, wanki da guga nake yi, katanga ɗaya ce tsakanina da su shekara ashirin da shida. Ba zan yi ƙarya don mutum ya mutu ba, Seu Genival ɗan sanda ne marar daɗin zama. Ya taɓa sa ni na kwance igiyar shanyata daga turken lantarki, wai dokar gari ta hana, ranar kuwa da dambun masarar da na aika musu a cikinsa. Wata uku ban gaishe shi ba. Amma duk 'yan kasuwa sun shaida ko ayaba ɗaya bai taɓa ɗauka a teburin kowa ba, a rundunar da wasu ke zuwa sintiri da kwando.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka yi jarrabawar ƙarin girma a rundunar 'yan sandan garinmu. Guraben sufeto biyar ne. Seu Genival, yana saje, ya zo na uku, aka liƙa sunaye a bango kowa ya gani, har Creuza ta yanka kaza. Bayan mako biyu aka ɓalle takardar aka liƙa wata, wai an manta ba a haɗa da makin ladabi da biyayya ba, makin da kwamanda ke bayarwa da alƙalaminsa. Seu Genival ya koma na tara. Aderbal, wanda duk aikinsa buɗe wa matar magajin gari ƙofar mota, ya taso daga na goma sha huɗu ya dira na biyu.

Seu Genival ya kai ƙara ya yi nasara, lauyoyin gari suka ɗaukaka. Ya sake yin nasara, suka sake ɗaukakawa. Yau takarda ta ɓace, gobe alƙali ya yi ritaya sai an jira sabo. Ana cikin wannan jan ƙafa ciwon huhu ya kama shi. Sai yanzu babbar kotun jiha ta sa ranar yanke hukunci na ƙarshe, Alhamis ƙarfe biyu na rana.

Lauyarsa, Dotora Ivonete, a kicin ta yi mana bayani kafin ta hau motar babban birni. Ta ce irin wannan ƙara ta mai ita ce shi kaɗai, ba a gadonta. In yana numfashi har alƙalai suka yi magana, za a soke takarda ta biyu, Aderbal da wasu mutum biyu su cire taurarin kafaɗarsu. In kuwa ya cika kafin nan, ƙara ta bi shi kabari. Abin da muka ji a kicin, su can ofis sun daɗe da saninsa, shi ya sa aka yi ta kawo mana gwanda.

Tun Litinin motar sintiri ke ajiye a gindin mangwaron da ke kallon gidan. Wai rundunar ce ta turo ta, ko iyali za su buƙaci a garzaya asibiti. Mai zama a gaba Kofur Edmilson ne, wanda lokacin da ya zo daga ƙauye da takalmi ɗaya, shekara biyu a teburin Creuza yake cin wake da shinkafa. Gadon Seu Genival kuwa a ɗakin gaba yake, jikin tagar da ke kallon titi, don in ba iska ba ya iya numfashi. Bayan kowace awa sai Edmilson ya tsallako da kofi a hannu wai ƙishirwa yake ji. In na ba shi ruwa ji nake kamar in tofa yawu a ciki.

Nas ta bar masa maganin ɗigawa na rage zafi, Seu Genival ya ƙi sha. Ya ji an ce yana sa barci yana rage numfashi, shi kuwa ba shi da numfashin da zai yi kyauta da shi. Ina guga a gidana ina jin nishinsa ta katanga, har sai na ajiye dutsen na fita bayan gida.

Laraba da yamma ya kira mu biyun, ya sa muka sunkuyo kusa da bakinsa.

"In na riga ƙarfe biyu tafiya, ba kuka, ba rufe taga. Ki kunna rediyo, ki fita ki share ƙofar gida kamar kullum. Kuma ba kyandir."

Creuza ta ja baya. "Ba kyandir? Ka tafi ba haske a hannu, kamar karen titi? Uwarka ma ni na riƙa mata, Genival."

"Da sun hango wuta sun gane. Ki rantse, mata."

Ta daɗe tana murza bakin siket ɗinta, sannan ta rantse. Ni ma ya sa na rantse, har da cewa ya san bakina ba ya rufuwa. Ban san ko doka za ta karɓi hukuncin da aka yanke wa gawa ba, ni mai wanki ce. Amma na rantse da zuciya ɗaya, don ina so in ga ranar da Aderbal zai wuce titinmu kafaɗa tsirara.

Alhamis ta waye da zafi. Tun safe tambaya ɗaya yake yi, ƙarfe nawa. Muka ce takwas, muka ce tara da rabi, har Creuza ta sauke agogon bango ta jingina shi a ƙafar gado. Rediyo na ta kiɗan forró. Wajen sha ɗaya da kwata ya daina tambaya, numfashin ya koma ja ɗaya, shiru, sannan wani ja. Can sai ya buɗe ido yana laluben zanin gado.

"Creuza, wa ya rufe taga?"

Taga a buɗe take, rana har kan ƙafafunsa.

"Duhu ya yi yawa. Ba na ganin komai. Creuza, tsoro nake ji."

Shekara ashirin da shida ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Creuza ta miƙe ta nufi teburin da hoton Uwa Maryamu yake. Na tare ta, na ce mata ƙasa-ƙasa ta tuna ta rantse, saura awa biyu da rabi kacal, shekara goma sha ɗayansa za ta ƙone da ashana ɗaya.

"Matsa, maƙwabciya," ta ce. "Ba kotu na aura ba."

Na figi zanin gado na tsaya a taga na ware hannuwa kamar mai kakkaɓewa, ko zan tare hasken kyandir. Ni kuwa Allah bai yi ni da jiki ba, ko tsayin kirki ba ni da shi. A bayana na ji ƙyastin ashana, na ji Creuza ta fara addu'ar Maryamu. Da na waiga ta rufe hannunsa da nata biyu, kyandir a tsakiya. Yana kallon wutar, fuskarsa ta saki, goshin da ya yi kwana huɗu a tattare ya kwanta. Ya ja numfashi sau uku, na huɗun bai zo ba.

Da na juyo, Edmilson na tsaye a bakin taga da kofinsa, yana leƙe ta saman kaina. Ya cire hula, ya yi alamar gicciye, kuma na rantse hawayen da ke idonsa na gaske ne. Na kira sunansa, na ce ya dubi Allah, ya dubi matar da ta ciyar da shi, ya je ya zauna a motarsa awa biyu kamar bai ga komai ba.

"Dona Marlúcia, 'ya'yana uku," ya ce, bai kalle ni ba.

Ya tsallaka titi, ya zura hannu ta tagar mota ya ɗauko wayar sintiri da hannun da ya yi alamar gicciye da shi.

Makonni uku da suka wuce da muka kira motar asibitin gari, awa uku muka yi muna jira. Ran Alhamis ɗin kuwa ba wanda ya kira ta a cikinmu, minti goma ta iso, har da jiniya. Likita ya taɓa wuya, ya duba agogo, ya rubuta sha ɗaya da minti arba'in da biyu. Aderbal na bayansa, tawadar ba ta bushe ba ya ɗauki hoton takardar da wayarsa ya tura. Sannan ya dafa ƙirji ya shiga yi wa Creuza ta'aziyya, wai runduna ta yi babban rashi, za a kawo tuta da 'yan badujala, akwatin gawa ma kada ta damu.

"Za mu yi masa duk girmamawar da ta dace da saje," in ji shi.

Ruwan da muka goge wa mamacin jiki da safe yana nan a kwano. Da Aderbal ya sa ƙafa a dakalin ƙofa na watsa shi kan takalmansa masu ƙyalli, na ce ya yi haƙuri ban gan shi ba. Motar sintiri ta tashi ta bi bayan tasa, titi ya koma shiru.

Mata suka fara shigowa da kujeru da kofi. Ƙarfe biyu da minti goma wayar Creuza ta yi ƙara a kicin, ni na ɗauka. Dotora Ivonete ce. Ta ce ana kiran sunan ƙarar lauyan gari ya miƙe da takardar likita a hannu, zaman bai kai minti huɗu ba. Wani ma'aikacin kotun ya raɗa mata a baranda cewa hukuncin a rubuce yake tun makon jiya, karantawa kawai ya rage, kuma Seu Genival ne ya ci.

Na ajiye wayar. Haushin Creuza nake so in ji, na neme shi na rasa.

Na same ta zaune a bakin gado, ta ɗora hannunsa a cinyarta. Kakin kyandir ya zubo ya daskare a tsakanin yatsunsa. Ba ta ɗago ba ta tambaye ni ko an rufe ƙarar, na ce an rufe. Sauran ban gaya mata ba.

Ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da ɓantare kakin da farcenta, a hankali, yatsa bayan yatsa, tana hura wurin kamar har yanzu zai iya jin zafi.