Akwatin Takwara

A wani kamfanin jigilar kaya, kowa Injiniya yake ce masa, duk da aikinsa bai wuce kula da sabar imel ba, wata kwamfuta mai gurnani a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala. Wata safiya sabuwar sakatariya ta leƙo ɗakin.

"Injiniya, ina kwana. Jiya ka buɗe min akwatin imel, yau na tarar da shi maƙil. Har da wani likita yana tuna min maganin hawan jini, ni kuwa lafiyata ƙalau."

Ya bi ta teburinta, kallo ɗaya ya gano bakin zaren. Tsohuwar mai kula da sito, wadda ta yi ritaya bara, sunansu ɗaya da sakatariyar har na mahaifi. Da ta tafi, ya goge ta daga rumbun bayanai, inda ake ajiye adireshin kowa da kalmar sirrinsa. Amma saƙonnin ba a nan suke zama ba, suna cikin wata folda dabam mai sunan adireshin. Da ya sake buɗe adireshi iri ɗaya, sai sabar ta miƙa wa sabuwa kayan tsohuwa.

"Kin karanta?" ya tambaye ta.

"Biyu kawai. Na uku na ga hoton jariri, na rufe."

Ya janye foldar gefe, ya ba ta akwati fanko, sannan ya je ya sanar da manaja. Ita kuwa ce masa ta yi ya share komai nan take. Ya roƙa a bari ya fara jin ta bakin mai kayan.

A waya tsohuwar ta yi ta dariya. "Ɗana, ashe tarkacen nan yana nan? Turo min hotunan jikokina, sauran ka share. Takwarar tawa dai tana da hankali?"

"Tana da shi, Mama."

"To ka ce ta zo ta gaishe ni, tunda har ta san ciwona."

Da rana ya zauna ya gyara tsarin. Yanzu duk wanda aka goge daga rumbun, sabar za ta sauya wa foldarsa suna, ta kai ta wani lungu da babu adireshin da zai isa, ta kuma rubuta ranar. In wa'adin da manaja ta yanke ya cika ba wanda ya nema, sai sabar ta share foldar da kanta.

Da ya bincika, ya tarar da wasu foldoji marayu birjik, na mutanen da suka bar aiki tun kafin zuwansa. Waɗanda ya samu lambarsu ya kira su, sauran ya tura lungun. Ta wani direba da ya rasu ce kaɗai bai taɓa ba. Manaja ta ce a dakata sai an tambayi matarsa.