Minti Ashirin na Kamshaf

"Ɗauke mini abin wasan yaran nan daga kan gado," in ji Mai Kunne, yana ture ƙarfen da bayan hannu.

Auta, 'yarsa, ba ta ɗauke ba. Guda biyu ta jera a kan tsohuwar jarida kusa da ƙafarsa, dogayen sandunan ƙarfe masu ƙusumbi-ƙusumbi. Wai su ne kamshaf, masu buɗe bawul ɗin inji su rufe shi: ɗaya mai rola, ɗaya fulat, gwargwadon irin tafet, wato ɗan ƙarfen da ke hawa kan ƙusumbin. Ni tela ne, dubiya kawai na shigo, sai na tarar da gardama.

Shekara ashirin da shida bango ɗaya ne ya raba shagona da garejinsa, kuma ban taɓa fashin yi masa mitar ƙara ba. Ana ce masa Mai Kunne ne saboda wata doguwar sukundireba da yake da ita. Sai ya kafa bakinta a jikin inji, ya ɗora kunne a ƙotar, ya faɗa maka inda ke ciwo. Yanzu ciwon zuciya ya kwantar da shi wata na uku, ƙafafu sun kumbura, gareji ya koma hannun Auta. Motar tseren da suka fara haɗawa tare tana bayan tagar ɗakinsa, saura kamshaf.

"Baba, mai rolan nan ba ya buƙatar lallashi," in ji ta. "Tafet ɗinsa taya gare shi, gangarawa yake a kan ƙusumbin. A ɗaura, a tayar, a tafi. Tsere saura sati uku fa."

"Taya! In 'yar allura ɗaya ta cikin tayar ta ɓalle, ina za ta? Cikin inji. Fulat shafaffe ne, ba taya, ba shi da abin ɓallewa, ga rashin nauyi."

"Fulat kuma in bai zauna ba a tashin farko, cinye kansa zai yi, ya cika mai da garin ƙarfe. Aikin wata biyar ya tashi a banza."

"Shi ya sa ake da kunne."

"Kunnen yana kwance, Baba."

Na so in sa baki, amma ban san kan zancen ba, sai na hau gyara masa matashi. Auta ta naɗe mai rolan a jarida, ta ɗauki fulat ɗin.

A bakin ƙofa ta ce da ni, "Kawu, mai rolan ya fi. Shi ma ya sani."

"To me ya sa kika biye masa?"

"Mai rola ba ya buƙatarsa. Wannan kuwa sai da shi. Bari ya samu abin jira."

Kwana shida ta yi tana haɗawa. Shi kuma abinci ya ƙi shiga, amma kullum sai ya tambaya ta taga ko ta shafa wa kowane ƙusumbi mansa. Ranar ta bakwai da hantsi ya aika aka kira ni. Na tarar numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya miƙo mini agogonsa.

"Yau Auta za ta tayar da injin. Minti ashirin. Totur a sama. Ba za ta bar shi ya sauka silo ba, ba za ta kashe ba, sai tafet ya saba da ƙusumbinsa. Ko me ka gani, Tela, kada ka kira ta."

"Me zan gani?"

"Kai dai ka ƙirga. Ko shi ma sai an koya maka?"

Ya sa na jingina shi da bango, na ba shi sukundirebar. Ya kafa bakinta a ƙarfen taga, ya manna kunne. Auta ta leƙo, ya ɗaga mata yatsa.

Injin ya kama a bugun farko. Ƙarar ta cika ɗakin, cokali yana rawa a cikin kofin maganinsa. Ni da na shekara ina tsine wa ƙarar nan, ranar addu'a nake kada ta ɗauke.

Minti biyar, ya ce, "Gaya mata ta ƙara kaɗan." Na ɗaga murya na gaya mata ta taga, ta ƙara. Minti tara, zufa ta jiƙa masa riga. Minti sha biyu, sukundirebar ta fara zame masa, na riƙe masa ita. Leɓɓansa sun canza launi.

"Bari in kira ta," na ce.

Ya damƙi hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. "In ta saki totur yanzu, ta yi asarar inji, kuma ba ta hana komai ba. Nawa?"

"Sha huɗu."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Ta taga ina hango bayanta, ta sunkuya a kan inji, hannu ɗaya a totur, idonta a kan allurar zafi. Taku goma ne tsakaninsu. Me zan ce mata gobe? Cewa ina nan zaune da agogo?

Minti sha shida ya saki fuska. "Ka ji?"

"Ban ji komai ba sai hayaniya."

"Kurma. Ɗan ƙas-ƙas ɗin nan ya ɗauke. Ya zauna." Ya huta kaɗan. "Hannunta ya fi nawa natsuwa. Kada ka faɗa mata, kanta zai kumbura."

Daga nan na fara karanta masa abin da ake karantawa, bakinsa yana bi a hankali. Kafin sha takwas ya cika ya daina bi. Hannunsa ya saki nawa, kansa yana nan jingine da ƙotar.

Na miƙe zan yi taga, na sake duba agogo. Saura minti biyu. Na koma na zauna, hawaye suna zuba, ina ƙirgawa kamar yadda ya ce. Har yau ban sani ba ko daidai na yi.

Ashirin na cika na ƙwala mata kira, ta waigo, na ɗaga mata hannu. Ta kashe. Shiru ya sauka, har na ji keken ɗinkin wani can nesa.

"Baba, ka ji kuwa?" ta faɗa daga waje, tana dariya, tana goge hannu da tsumma. "Ko mai rolan zan mayar?"

Ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi agogon da ke hannuna.

"Minti nawa ya ji?"

"Sha takwas. Ya ce ya zauna. Ya kuma ce hannunki ya fi nasa, amma wai kada in faɗa miki."

Ta durƙusa a gefen gadon, ta kwantar da shi, ta ja masa mayafi. Sannan ta ɗauki sukundirebar, ta kafa ta a ƙarfen taga inda ya kafa, ta ɗora kunnenta a ƙotar da ba ta gama hucewa ba. A waje injin yana sanyi, yana ƙas, ƙas, a hankali.