Sunan da Hajiya Raki Ba Ta Faɗa

Shekara arba'in da biyu Hajiya Raki ta yi a Manchester, kuma abin da mutanen Levenshulme suka sani game da ita bai da yawa. Ta yi aikin girki a wata firamare a Ardwick har ta yi ritaya, mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, sannan ba a taɓa ganin ɗankwalinta ya karkace ba, ko da ranar da iskar Stockport Road ke juya wa mutane lema.

Ɗankwalin ne ya tona mata asiri. A wurin wani bikin suna, wata ɗaliba mai suna Safara'u, wadda ta zo daga Birmingham, ta ajiye cokalinta ta ƙura wa ɗaurin ido. Digiri na uku take yi a kan tsofaffin finafinan Arewa, irin karatun da iyaye ke ce wa dangi "tana can tana karatu" su canza magana. Ta zo ta durƙusa.

"Hajiya, don Allah, ba ke ce Raki ta fim ɗin Tashar Kafanchan ba?"

"Ban taɓa zuwa Kafanchan ba," in ji Hajiya. Gaskiya ta faɗa, domin a Jos aka ɗauki fim ɗin.

Kashegari Safara'u ta bayyana a gidan da kwamfutarta. Ta tarar da Aminullahi, ɗan farin Hajiya, mai shagon magani, wanda uwarsa ke kira Dakta don kada ta faɗi sunansa, da kuma 'yarsa Hana, wadda ta gama jami'a bara take jin Hausa fiye da yadda take mayarwa. Safara'u ta yi musu bayani. Tsakanin 1974 da 1979 Raki ta fito a finafinai huɗu. An yi layi a silima a Jos da Kaduna da Kano don a gan ta tana saukowa daga tarago da takalmi mai tsini da tabarau. Mata sun yi ta kwaikwayon ɗaurin ɗankwalinta, teloli sun sa wa wani ɗinki sunanta. Uku daga cikin finafinan sun ɓace. Na huɗun an same shi cikin gwangwani a ɗakin ajiyar wani tsohon Bature da ya mutu a Birmingham.

"Mama ta ce mana wasan makaranta ta taɓa yi," in ji Aminullahi.

"Ai an koyi abubuwa," in ji Hajiya.

Matsalar, a cewar Safara'u, ita ce fim ɗin bebe ne. A wancan zamani hoto daban ake ɗauka, murya daban a faifai, kuma faifan bai zo cikin gwangwanin ba. Nan da mako uku za a nuna shi a Birmingham. Don haka ita da malaminta suka zauna suna kallon leɓe, suka rubuta abin da suke zaton ana faɗa.

Ta kunna. Wata yarinya doguwa ta fito tana jifan wani saurayi da kallo. A ƙasa rubutu ya ce: Barka da zuwa, ka sha hanya.

Hajiya ta gyara zama. Ta jure minti biyu cur.

"Wane ne ya rubuta wannan shirmen? Cewa na yi, da wannan wandon ka zo zance ko gobara ka tsere wa?"

Hana ta faɗi kan kujera tana dariya. "Kaka! So it is you!"

"Ni na ce ba ni ba ce? Kafanchan na ce ban je ba."

Saurayin mai wandon ya juyo, sai Aminullahi ya daina dariya. Mahaifinsa ne, da suma cike da kai, yana ɗan shekara ashirin da shida.

Hajiya ta ce akawun jirgin ƙasa ne, an jawo shi cikin fim ɗin saboda shi kaɗai ya san lokacin da jirgi ke zuwa da gaske. An ba shi suna Ɗanliti, amma duk kiran da aka yi masa da shi ba ya juyowa, sai ya tsaya yana kallon sama. Bayan an ɓata fim na kwana biyu, darakta ya haƙura ya ce a kira shi da sunansa na yanka.

Ashe duk maganganun fim ɗin suna kanta, nata da na kowa, domin ita ta yi muryoyin matan duka a ɗakin ɗaukar murya, har da na wata tsohuwa mai sayar da rake. Ta yarda za ta zauna a gefen allo ta faɗe su da bakinta, ba don suna ba, ta ce, sai don kada a ce ta taɓa yi wa mai wannan wandon barka da zuwa.

Gwajin ya tafi daidai har aka kai ƙarshe. Jirgi ya tashi da saurayin, yarinyar ta biyo da gudu, ta buɗe baki ta kira shi, ya juyo ya diro. A nan Hajiya ta ce, cikin ladabi, "Malam."

"Kaka, bakin bai yi matching ba," in ji Hana.

"Bakin yarinya ne, ba ta san komai ba. Lokacin ba a ɗaura ba."

Tun ranar da aka ɗaura auren, shekara arba'in da shida, sunan mijinta bai sake fita daga bakinta ba. A wajen likita rubutawa take yi ta miƙa. Wata ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ta taɓa zaton ta manta sunan mijinta, har ta ba ta takardar gwajin ƙwaƙwalwa. Safara'u, da yake 'yar Kano ce, ta san wannan kunyar, ta sunkuyar da kai. Hana kuwa ta kawo shawarar ita ta faɗa a madadinta.

"Ke da wannan Hausar taki? Sai ya zarce Legas."

Aminullahi ya raka Safara'u bakin ƙofa. "Kada ki matsa mata," ya ce. "Ni dai ban taɓa jin yadda take faɗarsa ba."

Ranar Asabar ɗin da za a nuna fim ɗin, Hajiya ta ɓata awa biyu a gaban madubi. Ta fito cikin wani leshi ruwan zuma da ba wanda ya san tana da shi, da tabarau, da ɗaurin da ya kusa taɓa rufin motar. Aminullahi ya ce za su makara. Ta ce ba a taɓa fara fim ɗin nan babu ita ba.

Ƙarfe biyu na rana zauren ya cika: ɗalibai, iyalai daga Manchester da suka zo ganin ko da gaske ne, da Turawa 'yan jami'a masu littafin rubutu a cinya. Aka kashe fitila. Hajiya ta ja makirufo kusa.

Muryar ba ta mai girkin firamare ba ce. Ta yi yarinyar, ta yi uwar, ta yi mai rake, ta kumbura maƙogwaro ta yi shugaban tasha. Da aka zo kan wandon, zauren ya ɗauki dariya, Turawan suka biyo baya bayan sun karanta fassarar Turanci a ƙasan allo. Wata dattijuwa daga baya ta ɗaga murya, "Wallahi ita ce! A Kaduna na gani, yayana ya ɓoye ni cikin babbar riga!"

"To ki yi shiru ki gani da kyau yanzu," in ji Hajiya ta makirufo, ta ci gaba.

Sai jirgi ya tashi. Yarinyar ta biyo da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Ga bayan saurayin a ƙofar tarago. Hana ta riƙe hannun ubanta. Hajiya ta ce, "Mal..." ta tsaya. A allon, yarinyar ta buɗe baki, babu sauti, jirgin yana ƙara nisa. Hajiya ta cire tabarau. Ta san mutumin nan sarai, ba ya juyowa da sunan da ba nasa ba.

"Nuru!"

Ya juyo. Ya diro daga jirgin, ya yi tuntuɓe, wandon ya yi abin da ya saba.

Wata ta rangaɗa guɗa, wasu suka amsa mata. Malamin Safara'u ya rubuta wani abu da sauri, wataƙila zai zama babi guda. Aminullahi ya ciro hankici ya ce iskar zauren ce ke damun idonsa, duk da ba wanda ya tambaye shi.

An fi awa ana hotuna. Hajiya ta nuna wa kowa ɓangaren fuskarta da za a ɗauka, ta kuma kwance wa ɗalibai mata uku ɗankwali ta sake ɗaura musu. Safara'u ta ce akwai masu son a nuna fim ɗin a Manchester, a wani zaure a Oxford Road. Hajiya ta ce za ta duba, a yanayin wadda ta riga ta zaɓi leshin da za ta sa.

A hanyar zuwa mota Hana ta rataye a kafaɗarta. "Kaka, sake faɗa. Sau ɗaya, please."

"Wancan aiki ne. Aiki ya tashi."

Aminullahi ya buɗe mata ƙofa, ya yi gyaran murya kamar ba ɗan shekara arba'in da biyar ba. "Mama, tunda dai an fara... ni fa?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta mayar da tabaranta.

"Kai ka taɓa fitowa a fim ne? Riƙe min jaka, Dakta, kada ɗankwalina ya taɓa ƙofa."