Kunun Gyada da Ruwan Dalma

Alhaji Lawan mai gidan haya a Gyadi-Gyadi mutum ne da bai yarda wani abu ya mutu a hannunsa ba. Duk inda bututun ruwa ya tsage, sai ya kira mai gyaran lagireton mota ya narka dalmar tsohon batir ya liƙe. Shi kuwa gogan naka ruwan fiya wata yake sha, leda-leda.

Asabe, wadda ke haya a ɗakin ƙurya, ta kai 'yarta Ladi asibiti a Tarauni saboda yawan ciwon ciki da rashin girma. Aka auna jini, aka zo aka auna ruwan gidan, aka ce dalma ce. Hankalinta ya tashi matuƙa. Ta samu Alhaji ta roƙe shi ya canza bututun.

"Mulkin farar hula ke nan," in ji shi, "kowa ya zama likita. Ruwan nan lafiyarsa ƙalau."

Ana haka azumi ya kama. A al'adar gidan, kowace shekara Asabe na aika wa Alhaji kunun gyada na buɗa-baki, shi kuma ko godiya sai ya ga dama. Bana shiru. Da ya kasa daurewa, sai ga shi da kansa gab da magariba, riƙe da hannun jikansa Ƙasimu, wai zagayen duba gida.

Asabe ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ta kawo kunu da ludayi biyu. 'Yan haya suka fito suna leƙe.

"Bismillah, Baba. Da ruwan famfonka na dama."

"Ai an tafasa, ko?"

"A asibiti sun ce tafasawa ba ta fitar da dalma. Amma ka ce lafiyarsa ƙalau."

Ladan ya kira salla. Alhaji ya ci dabino, ya tsotse ƙwallon har ya yi fari, yana ta juya ludayi. Ƙasimu kuwa ya kai nasa baki. Nan take Alhaji ya doke hannun yaron, kunu ya wanke wa Alhajin babbar riga.

"Kai, kar ka sha! Guba ce!"



"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji Asabe. "Wannan da ruwan 'yan garuwa na dama, ba zan cuci yaro ba. Ladi ce ke shan naka tun da aka yaye ta."

Washegari mai gyaran famfo ya iso da bututun roba, Alhaji na biye da shi, bai ko kalli ɗakin ƙurya ba don kunya.